Tsohon Babur da Aka Daina Ƙerawa: Daga Saye Zuwa Tashi, Daga Tashi Zuwa Gyaran Fuska

Ranar da mutum ya turo tsohon babur gida, abin da zuciya take fara raya masa shi ne fenti. Daga nan sai sabuwar kujera, sai salansa mai amo. Ni ma haka tawa ta raya mini sa'ad da na sayi wani tsohon Honda CG125 mai batir ɗin bolt 6 da kwantak (ƙarafa biyu masu haɗuwa su rabu don ba fulogi wuta), na kuma biye mata. Tanki ya sha fenti, fitilu suka koma sababbi. A mako na uku ina tafiya a hankali, na matsa birkin gaba, sai tayar ta cije gaba ɗaya, na tsinci kaina a ƙasa. Da na buɗe wilin, fatar birkin ta ɓare daga ƙarfenta, ta cusa kanta tsakanin takalmin da gangar. Gam ɗin da ya riƙe ta ya gaji tun shekaru, ni kuwa ban taɓa leƙawa ba. Da a guje nake, da labarin ya sha bamban.

Saboda haka wannan jagorar a jere take, kuma jerin shi ne rabin aikin: a san babur, a tabbatar yana tsayawa, a tashe shi, a daidaita shi, sannan a yi maganar canje-canje. Zan riƙa kawo misali da ƙananan baburan Japan na shekarun 1970 da 1980 domin su na fi sani, amma yawancin maganar ta shafi kowane tsohon babur mai kafireta.

Kafin ka miƙa kuɗi

Fara da lamba. Lambar firam tana buge a wuyan babur, inda kan yake juyawa, lambar inji kuma a jikin injin ta ƙasa, galibi gefen hagu. Goge su da tsumma, ka gwada su da abin da ke cikin takardu harafi bayan harafi. In ka ga alamar an goge wurin da dutsen washi ko an sake bugawa, tafi abinka, komai arhar da aka yi maka. Daga 1981 aka soma amfani da lambar firam mai gurbi 17 a manyan kasuwanni. Baburan da suka girme wannan shekarar lambarsu gajeriya ce, kuma farkonta kan nuna samfurin. Wannan lambar ita za ta raba ka da sayen kayan da ba su shiga ba, domin suna ɗaya kan ɗauki babura iri-iri. CG125 na farkon fitowa da na ƙarshe suna ɗaya suke amsawa, amma wutarsu daban, birkinsu daban, giyarsu ma daban.

Ka ce wa mai babur kada ya tayar kafin ka iso. Da zuwanka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an lallashe shi, kuma ba za ka ga halinsa na gaskiya ba. Taka kik a hankali da ƙafa: ya kamata ka ji wani wuri da yake turjewa kafin ya wuce. In ya zarce salin-alin kamar babu komai a ciki, matsin injin ya zube. In kuma ya ƙi motsi sam, fistin ya kama.

Tsuguna ka dubi wuyan firam da bututun da ya gangaro daga gare shi. Fentin da ya tattare ko ya tsage a wurin alama ce ta karo. Koma bayan babur da nisan taku biyar ka hango tayoyin biyu, su zama a layi guda. Buɗe tanki ka haska tocila.

Ga shawarar da na fi tsayawa a kanta: tsakanin babur da yake tashi amma an yi masa kwashe-kwashe, da wanda ba ya tashi amma komai nasa yana jikinsa, ɗauki na biyun. Fistin da ringi da gasket da boris ana samunsu ko bayan shekara arba'in. Abin da ke wahalar da mai tsohon babur shi ne tanki, murafun gefe, agogon gudu, gidan matatar iska, madigadi da salansar asali. Waɗannan in kamfani ya daina yi, sai dai a jira wani babur ya mutu a gāje shi.

Littafi, kayan aiki, da sukundireban da mutane ke raina wa

Nemi littafin gyara na samfurinka da littafin kayansa, wato mai zanen kowane sashe a wargaje da lambar kowane ƙarfe. Yawancinsu suna intanet. Sannan ka ware ƙaramin littafin rubutu: kwanan wata, kilomita, abin da ka yi, abin da ka gani. Babur ɗin da kamfani ya saki ba shi da mai riƙe masa tarihi sai kai.

Sifanu na milimita 8, 10, 12, 14, 17 da 19 sun ɗauke kusan duk aikin babur ɗin Japan. Ƙara da sifanar fulogi, filaya, ma'aunin tsakani mai siraran ƙarafa wanda kanikawa ke kira fila, da mitar auna wuta. Sai sukundireba. Sukurorin da ke jikin tsofaffin baburan Japan masu kan kuros ba Phillips ba ne, tsarin Japan ne da ake kira JIS, kuma sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a gefen kan. Sukundireban Phillips yana zamewa daga cikinsu ya cinye kan, shi ya sa kusan duk tsohon babur za ka tarar da sukurorin murfinsa a lalace. Sayi na JIS, ka haɗa da irin wanda ake buga wa guduma ya juya da kansa. Kafin ka kwance komai, ɗauki hotonsa da waya. Kusoshin murfin inji tsawonsu ba ɗaya ba ne. Zana murfin a jikin kwali, ka soke kowanne a gurbinsa.

Tsayawa kafin gudu

Cire wili biyun. Takalman birki, in ba ka san shekarunsu ba, canja su ko da fatar tana da kauri. Abin da ya same ni ke nan. Fatar da ta sauko kusan milimita 2 ta gama aiki. Kada ka hura ƙurar cikin gangar da baki ko da iska, domin tsofaffin fatun birki da yawa da asbestos aka yi su, kuma ƙurarsa tana lalata huhu. Jiƙa tsumma ka goge, ka jefar da tsumman. Zaro sandar da take buɗa takalman, ka wanke ta, ka shafa mata giris kaɗan ƙwarai yadda ba zai kai ga fatar ba. In birkin faifai ne mai ruwa, ruwan DOT 3 da DOT 4 yana shan laima daga iska, don haka ana canja shi duk shekara biyu. Kada ka haɗa su da DOT 5, ba jinsinsu ɗaya ba.

Taya tana da ranar haihuwa a gefenta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ne, an yi ta kafin shekarar 2000. Zanen taya na iya zama cif alhali robar ta bushe ta zama kamar ƙaho, ranar da ruwa ya sauka kuwa ba za ta riƙe ƙasa ba. Ni dai taya ta haura shekara shida ba na amince mata. Canja ta tare da tub da robar da ke rufe kawunan sifok.

Tun da wilin yana hannunka, sa yatsa ka juya boris. In ka ji gargada ko ƙaiƙayi kamar yashi, fitar da shi. Bi sifok ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da sifana: mai ƙarfi yana ƙara siririya, wanda ya saki yana amsawa a dushe. Ɗaga gaban babur, ka juya kan dama da hagu da yatsa ɗaya. In yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa rami, boris ɗin wuya ya ci gurbi. Lokacin kwancewa ka shimfiɗa zane a ƙasa, domin a tsofaffi ƙwallayen a sake suke, suna zubowa su watse. Kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe, ka ji ko bushin hannun baya ya ci.

Sarƙa da sifoket biyu tare ake canja su. Sabuwar sarƙa a kan haƙoran da suka lanƙwashe kamar ƙaya ba ta daɗewa. Sakinta a tsakiya ya kasance milimita 20 zuwa 30 a yawancin baburan titi, kuma rufaffen kan maƙullin sarƙa ya fuskanci inda sarƙar take tafiya. Wayoyin birki da kuloci da totur, duba su a bakin ƙulli, nan suke fara tsinkewa sili-sili.

Tayar da wanda ya daɗe a kwance

Kada ka zuba fetur ka hau taka kik. Injin da ya yi shekaru a ajiye bangon silindarsa a bushe yake. Cire fulogi, ka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka juya injin a hankali ba fulogi.

Zubar da tsohon baƙin mai a faranti mai tsabta, ka kai shi rana ka duba. Ɗan ƙyalƙyali kamar gari ba abin tsoro ba ne. Gutsattsarin ƙarfe ko mai da ya koma kalar madara, wannan magana ce babba. Ƙananan injinan Honda na wancan zamani ba su da matatar mai ta takarda. Suna da 'yar raga a bayan wani babban murfi a ƙasan inji, da kuma wani kofi a ƙarshen kiranshaf (sandar da fistin yake juyawa) ta gefen dama, wanda yake juyawa yana maka dattin mai a bangonsa. Ragar kowa ya san ta. Kofin kuwa akwai baburan da tun fitowarsu ba a taɓa buɗe shi ba. Da na buɗe nawa, dattin ya daskare a ciki kamar busasshen yumɓu, sai da na kankare shi da tsinke.

Akwai dalilin da ya sa CG ya jure irin wannan sakaci. Injiniyoyin Honda sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 1974, suka ga mutane suna hawan babur har mai ya zama kwalta ba a canja ba, matatar iska ta toshe da ƙura. Injinan da kamshaf ɗinsu (sandar da take buɗe bawul) yake a sama su ne suka fi cutuwa, domin mai mai datti yana cinye mazauninsa. Sai suka sauko da kam ɗin ƙasa, suka sa sanduna suna tura bawul, suka fitar da CG125 a 1975. In naka mai kam a sama ne, irin CB125 ko XL, to ka san ba shi da wannan haƙurin: tsabtar mai ita ce ransa.

Zuba man babur mai alamar JASO MA ko MA2. Kulocin yawancin babura a cikin baƙin mai yake wanka, man mota na zamani kuwa yana ɗauke da sinadaran rage gogayya da kan sa kuloci ya riƙa zamewa.

Hanyar fetur

Nan ne mafi yawan tsofaffin babura suke kwanciya, nan kuma ya kamata ka fi haƙuri. Fara daga sama. In tanki ya yi tsatsa, cire famfon fetur, ka toshe ramin, ka zuba notuna cike da hannu tare da kananzir, ka yi ta girgizawa har ɓawon tsatsar ya saki. Ƙirga notunan kafin ka zuba, ka ƙirga bayan ka fitar. Daga nan cika shi da ruwan khal ya kwana biyu, ka ɗauraye sosai, ka busar da shi nan take, ka zuba fetur, domin ƙarfen da aka wanke yana sake tsatsa cikin sa'o'i. Duk wannan a fili ake yi, nesa da wuta. Canja tiyon fetur, ka sa 'yar matata a tsakaninsa da kafireta.

Kafireta, ko ta kamfanin Keihin ce ko ta Mikuni, tsarinta kusan ɗaya ne. Kafin ka cire sukurun iska na gefe, juya shi ciki a hankali har ya taɓa ƙasa, kana ƙirga zagaye, ka rubuta. Kada ka matse shi, bakinsa siriri ne. Buɗe kofin ƙasa. Za ka ga fulot, wato abin da yake yawo a saman fetur, da allurar da take rufe fetur, da jet biyu: babba na gudu, ƙarami na silo. Ƙaramin shi ne mai laifi a yawancin lokuta. Raminsa siriri ne ƙwarai, tsohon fetur kuma in ya bushe yana barin danƙo. Babur ɗin da ba ya tashi sai da cok, da an saki cok ya mutu, kusan ko da yaushe wannan jet ɗin ne ya toshe. Jiƙa shi a maganin wanke kafireta, ka hura iska, ka ɗaga shi sama ka ga haske zagaye cif ta cikinsa. Kada ka zura masa allura ko wayar ƙarfe. Jet tagulla ne mai laushi, da ka faɗaɗa ramin ka lalata ma'auninsa har abada. In ya zama dole, silin wayar wuta ɗaya mai laushi ya isa.

Girgiza fulot kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki, ya huje. Dubi bakin allurar. In ya yi zobe, ita ce take sa fetur yana zuba ta tiyon ƙasa. Tsayin fulot yana cikin littafi, ka auna shi, kada ka yi kintace. In ka sayi sababbin kayan kafireta na kasuwa, ɗauki gasket da robobin, amma ka mayar da jet da allurar asali muddin ba su lalace ba. Na asalin sun fi daidai da ma'auni.

Robar da ta haɗa kafireta da inji, lanƙwasa ta ka duba tsaga. In tana shan iska ta nan, silo zai riƙa hawa ya ƙi sauka, kuma duk juya sukurun da za ka yi ba zai yi magani ba. Matatar iska ta soso in ta tsufa tana marmashewa inji ya haɗiye ta. Sa sabuwa, ka jiƙa ta da mai, ka matse har ta daina ɗiga.

Bawul, wuta, sannan silo

Wannan jerin ba a juya shi. Wanda ya fara da juya sukurun kafireta kafin ya daidaita bawul da wuta, zai maimaita aikin sau uku.

Bawul da sanyin inji ake aunawa. Juya fulawil, wato faifan da ke juyawa a gefen inji, har alamar T ta yi daidai da tsagar da ke jikin inji, ka taɓa hannuwan bawul biyun. Su zama suna ɗan motsi. In ba sa motsi, ƙara zagaye ɗaya. A CG125 tsakanin shi ne milimita 0.08, na shiga da na fita. Wani samfurin ka duba littafinsa. Fila ta shiga tana ɗan jan jiki. Bayan ka ɗaure notin ka sake aunawa, domin ɗaurin kan motsa shi. Bawul mai ɗan ƙara ya fi wanda ya yi tsit: wanda ya matse ba ya rufuwa sosai in inji ya yi zafi, a ƙarshe ya ƙone.

In babur mai kwantak ne, goge fuskokin biyu, ka sa tsakaninsu milimita 0.3 zuwa 0.4 a inda suka fi buɗewa. Ya kamata su fara rabuwa daidai lokacin da alamar F ta iso tsagar. Sa siririyar takarda a tsakaninsu, ka riƙa ja a hankali kana juya fulawil; inda ta kuɓuce, nan suka buɗe. Kwantak da ke saurin ƙonewa yana tartsatsi, kwandensa ce ta mutu. Tsakanin bakin fulogi galibi 0.6 zuwa 0.7 ne. Jingina shi da jikin inji ka taka kik a inuwa: wuta shuɗiya mai ƙara kake nema.

Sauran matsalar wuta mafi yawanta ba kayan ne suka mutu ba, mahaɗan wayoyi ne suka yi kore. Bi su ɗaya-ɗaya, ka zare, ka goge, ka mayar, musamman wayar da ta kama firam. Batir ɗin bolt 12 cikakke yana nuna kusan 12.6, in inji yana gudu kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Kada ka hau tsohon babur mai bolt 6 ba batir. A da yawansu batir ɗin ne yake shanye rarar wuta, in babu shi ƙwayayen fitila suna ƙonewa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu tayar da shi, ka bari ya yi zafi sosai. Mayar da sukurun iska inda ka same shi, ka riƙa juyawa rubu'in zagaye a kowane karo, kana saurare, har ka sami inda injin ya fi sakin murya. Sannan ka sauke silo da nasa sukurun. Bayan tafiyar kilomita ashirin cire fulogi ka karanta: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai toka fetur ya yi yawa, fari fat fetur ya yi kaɗan. Farin shi ne mai haɗari, shi ke huda fistin.

In mai bugu biyu ne, wato mai shan man 2T

Masu Yamaha RX100, wanda aka ƙera a Indiya daga 1985 zuwa 1996, da Suzuki A100 da ire-irensu, ba ku da bawul ɗin da ake daidaitawa, amma kuna da naku matsalolin. Robobin da ke gefen kiranshaf in sun bushe suna barin iska ta shiga, fetur ya yi ƙaranci, inji ya kama ana cikin gudu. In babur ya yi shekaru a ajiye, canja su kafin doguwar tafiya. Famfon man 2T kuma, duk sa'ad da aka taɓa tiyonsa sai an fitar masa da iska ta sukurun da aka tanada. Mutane da yawa suna cire famfon su koma haɗa mai da fetur a tanki. Ba na ba da wannan shawarar. A Suzuki masu tsarin CCI famfon yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin kiranshaf, in ka cire shi ka bar boris da yunwa. Gyara famfon ya fi.

Yaushe za a buɗe inji

Sai awo ya ce a buɗe. Auna matsi da zafin inji, totur a buɗe gaba ɗaya. In ya faɗi ƙasa da 100 a ma'aunin psi, zuba cokalin mai ta ramin fulogi ka sake. In ya tashi, ringi ne ko silinda. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kai. Fistin na ƙari yana zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. Ɗauki mafi ƙanƙanta da zai share zanen, domin kowane mataki rai ɗaya ne na silindar da wataƙila ba za ka sami wata ba. Sayi fistin tukuna, ka kai shi tare da silindar wurin mai bori ya yanka daidai da shi. Wajen ɗaurewa ka tuna zaren alminiyam ne: kusa mai kaurin milimita 6 kusan Nm 10 kawai take so a ma'aunin ƙarfin ɗauri.

Farautar kaya

Da lamba ake nema, ba da suna ba. Lambar kayan Honda kashi uku ce, kuma na tsakiya yana nuna samfurin da aka fara yi wa ƙarfen. Sau da yawa za ka tarar abin da kake nema ruwa a jallo yana jikin wani samfurin da har yanzu kayansa suke ko'ina. Boris kuwa ba sai na kamfanin babur ba: lamba irin 6301 ko 6202 tana buge a gefensa, duk mai sayar da boris ya san ta. Robar tare mai ma lambobi uku ne a jikinta, faɗin ciki, faɗin waje da kauri.

Masu CG suna da sa'a da kuma tarko. An kwaikwayi injin a masana'antu da yawa a Sin, a Pakistan ma har yanzu ana ƙera babur mai wannan suna, don haka kaya sun wadata. Sai dai kama da wane ba ta wane. Riƙe tsohon ƙarfen a hannu, ka jera shi da sabon, ka auna. A kan birki, taya, boris, fistin da ringi, sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Madubi da murfin kujera, sayi duk wanda ya yi maka. Abin da ka san yana ƙarewa a duniya, kwantak, wayar agogo, robar kafireta, in ka samu ɗauki biyu.

Riƙo na yau da kullum

Ni ina canja baƙin mai duk kilomita 1,500, domin kusan lita ɗaya ce kawai take yi wa inji da giya da kuloci hidima gaba ɗaya. Sarƙa tana shan mai duk kilomita 500 da kuma bayan ruwan sama. Iskar taya duk mako, da sanyinta. Bawul da kwantak duk canjin mai na biyu. Rufe famfon fetur duk inda ka tsaya. Sau ɗaya a wata ka bi notuna da sifana, injin silinda ɗaya yana kwance su da girgiza.

Canje-canje

Hau shi yadda kamfani ya yi shi na wata biyu ko uku tukuna. In ba ka san lafiyarsa ba, ba za ka gane ko canjin da ka yi gyara ne ko ɓarna ba. Kuma abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a hau, a rubuta.

Waɗanda kwalliyarsu take biyan kuɗin sabulu su ne waɗanda ido ba ya gani. Tayoyi masu kyau a girman asali. Sababbin shokazoba na baya da sabon mai a na gaba. Boris ɗin wuya mai gangare a madadin ƙwallaye. Sauya kwantak da wutar CDI, wadda ba ta buƙatar saiti. Komawa bolt 12 domin hasken dare, amma ka sani ba batir kaɗai ba ne: har da na'urar daidaita caji, da dukan ƙwayayen fitila, da oda, da abin da ke ƙyafta sigina, wani lokaci har kwayil ɗin cikin fulawil. Fitilar LED kuma, a baburan da fitilar gabansu take shan wuta kai tsaye daga inji, za ta riƙa ƙyafƙyafta ko ta mutu sai an bi da ita ta batir.

Sifoket shi ne canji mafi sauƙi da za ka ji a jikinka. Raba haƙoran baya da na gaba: 42 bisa 14 ya ba da 3.0, in ka sa 15 a gaba ya koma 2.8. Injin zai rage kuka a doguwar hanya da kusan kashi 7 cikin ɗari, amma zai rage ƙarfin tashi da na hawan tudu. Haƙori ɗaya a gaba kusan uku ne a baya. A ƙaramin inji kada ka wuce ɗaya, in ba haka ba giyar ƙarshe za ta kasa ja.

Salansa buɗaɗɗiya da cire gidan matatar iska, nan ake neman gira a rasa ido. Iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru ba, inji ya ɗau zafi. In lalle sai ka yi, to sai an ƙara girman jet mataki-mataki ana karanta fulogi, kuma a injin 125 abin da za ka samu yawanci ƙara ce, ba gudu ba. Taya mai faɗin da ya fi ƙarfin wili tana ƙara nauyi, ta kuma lalata kwana. Ƙara girman silinda yana ƙara zafi da nauyi a kan kuloci da boris ɗin da suka riga suka tsufa. In za ka yi, sai birkin ya riga shi ƙaruwa. Birkin faifai a gaba abu ne mai kyau in an ɗauko gaban gaba ɗaya, ƙafafu da wili da famfon birki, daga samfurin da ya dace. Walda mariƙin birki a jikin ƙafar asali, wannan kada ka yarda a yi maka. Firam kuma ba a yanka shi. Ban da haɗarin da ke ciki, a ƙasashe da yawa irin wannan canjin yana shafar rajista da inshora, don haka ka san dokar inda kake kafin ka taɓa shi.

Duk abin da ka cire, wanke shi, ka shafa masa mai, ka rubuta masa suna a leda, ka ajiye a akwati ɗaya: kwantak, kwandensa, jet na asali, sifoket, salansa, har sukurorin. In kuma babur ɗin zai kwanta fiye da wata guda, rufe famfo ka bar injin ya shanye abin da ke cikin kafireta har ya mutu da kansa, ka kwance sukurun kofin ka zubar da ragowar. Fetur mai haɗin etanol yana jan laima, yana kuma cin tsofaffin robobi. Cika tanki fal don kada tsatsa ta sami gurbi, cire batir ka riƙa yi masa caji duk wata, ka ɗora babur a tsayuwar tsakiya, ka toshe bakin salansa da tsumma mai mai.